Yadda Za Ka Bi Sawun Sunan Gidanku, Asalinsa da Ire-iren Rubutunsa

Abin da fom ɗin banki da na makaranta suke kira sunan iyali baƙo ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu ba su san shi ba. Mutum yana da sunan yanka da aka raɗa masa ranar bakwai, yana da laƙabin da 'yan gida suke kiransa da shi, in kuma an so a bambanta shi da takwaransa sai a jingina shi ga ubansa, ko garinsu, ko sana'arsa, ko sarautar da yake riƙe da ita. 'Ya'yansa kuwa da sunansa za su jingina, ba da na kakansu ba. Sunan da ke bin zuri'a daga kaka zuwa jika har tattaɓa-kunne bai sauya ba, makarantar boko da aikin En'e da aikin soja ne suka kawo shi, kuma a yawancin gidaje bai wuce hawa uku ko huɗu ba.

Saboda haka wanda ya ce zai bi sunan kaɗai har ya kai shi shekara ɗari uku baya, wahala zai sha a banza. Mutane ake bi. Tambayoyin da za ka riƙe guda uku ne: wa ya fara amsa wannan suna, yaushe sunan ya daskare ya zama na gida, kuma da wane suna aka san gidan kafin nan.

Fara da gane irin sunan da ke hannunka

Zauna ka dubi sunan, ka tambayi kanka daga wane kwando ya fito, domin kowane iri da tasa hanyar bincike.

Idan sunan mutum ne, kamar Abdullahi ko Lawal ko Garba, to akwai wani takamaiman kaka da ya amsa shi, aikinka ka gano wane ne. Wannan shi ya fi yawa, shi ya kuma fi ruɗarwa, don dubban gidajen da ba su haɗa komai ba suna amsa Abdullahi.

Idan sunan gari ne ko unguwa, yawanci a makaranta aka samo shi. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, aji guda yakan tara Muhammadu da Abubakar da yawa daga larduna daban-daban, sai a bambanta su da garuruwansu. Abubakar Tafawa Ɓalewa sunan garinsu ya ɗauka, ba na mahaifinsa Yakubu ba. Shehu Shagari ma haka, Aminu Kano ma haka. Sardauna kansa da Ahmadu Raba aka san shi a makaranta, daga baya ya koma amfani da Bello, sunan kakan mahaifinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ka ga ke nan ko a gida sananne irin wannan, sunan zaɓa aka yi, ba gadonsa aka tarar ba. 'Yar'aduwa kuwa unguwa ce a cikin birnin Katsina.

Idan sarauta ce, irin su Galadima, Waziri, Madaki, Ciroma, Ma'aji ko Yarima, ka yi sa'a ta wani ɓangare, don fada takan riƙe jerin waɗanda suka yi sarautar. Amma ka tambaya: Galadiman ina? Akwai Galadiman birni, akwai na hakimi, akwai na dagaci, har ƙungiyar mahauta da ta maƙera suna da nasu. Kuma yaran gidan basarake sukan ɗauki sarautar ubangidansu a matsayin suna alhali ba su haɗa jini da shi ba.

Sai laƙabi da sana'a: Maigoro, Maishanu, Dogo, Wanzam, Ɗankoli. Misalin da kowa ya sani shi ne na Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Mahaifinsa Abdullahi ne. Tata tsohuwar da ta rene shi ce, ita aka jingina shi da ita, yau ga shi sunan ya zama na zuri'a guda. Wanda ya tafi neman wani kaka namiji mai suna Tata zai dawo hannu rabbana.

Ka kwashe takardun gida kafin ka tambayi kowa

Sami littafi mai bango mai ƙarfi, ka ja layi huɗu: yadda aka rubuta sunan harafi da harafi, a wace takarda, wace shekara, wa ya rubuta. Kada ka gyara komai. In takarda ta ce Mohamadu Lawan Bichi, haka za ka kwafa, ko da kai Muhammad Auwal Bici ka san shi.

Abubuwan da za ka nema su ne takardar gida ko ta gona, rasit ɗin haraji da na jangali, shaidar gama elementare ko midil, littafin sallama daga soja, takardar fansho, tsohon fasfon aikin hajji, da takardar rabon gado ta kotun alƙali. Ta rabon gado ta fi kowace daraja, don takan jero mamaci da matansa da 'ya'yansa duka da sunayen yanka. A gidan malamai ka roƙi a buɗe maka gafaka. Malaman da sukan rubuta haihuwa da rasuwa a bangon littafi ko a gefen shafi, kuma wanda ya kwafi littafi da hannu yakan rufe da sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci har da garinsu da ranar da ya gama. Ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya da waya, a hasken rana, a mayar da ita inda take. Kada ka ce za ka tafi da ita gida ka kawo gobe, nan ne rigima take farawa.

Takarda mafi tsufa da sunan ya fito a cikinta a matsayin na biyu ko na uku, ita ce iyakarka ta farko. Daga nan baya sai baki.

Zama da tsofaffi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake saurin makara. Fara da wanda ya fi kowa tsufa, ba wanda ya fi kusa ba.

Kada ka tsaya ga maza. Gwaggo da inna da kaka mace sun fi riƙe wa ya auri wa, wa ya haifi wa, wa aka ba wa riƙo. Mace a al'adarmu ba ta ɗaukar sunan miji, don haka tana ɗauke da tarihin gida biyu a kanta. Sai dai akwai kunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗan farinta ba, sau da yawa har na surukinta. In ka matsa mata, sai ta ce "mai sunan Malam" ta ja bakinta. Dabara ita ce ka tafi da jika, tunda tsakanin jika da kaka akwai wasa. Jikan ya ce, "Hajiya, wai tsohon mijin nan naki da kike ta yabo, ba Audu ba ne?" Ita kuwa ta ce, "Kai, tafi can, Audu ai ƙanensa ne." Ka samu abu biyu ke nan. In ya ambaci sunan daidai, za ka ga ta yi shiru ko ta kai masa duka da mafici.

Tafi da goro ko ɗan abin hannu, ka gaisa a tsanake, ka faɗi abin da ya kawo ka. Nemi izini kafin ka kunna rikoda. Kada ka ce "Baba, ba ni tarihin gidanmu", don abin da za ka samu shi ne labarin da aka saba bayarwa, wanda ya riga ya sha gyara. Yi ƙananan tambayoyi. "Baba, wa ya haƙa rijiyar tsakar gida?" "Gwaggo, da aka kawo ki gidan nan, wa kika tarar a turaka?" "Ina ake kai gaisuwar mutuwa a da, wanda yanzu aka daina?" Wannan ta ƙarshe takan tono garin da aka taso. Haka tambayar inda aka binne kakan kaka, da gonar da ake kira ta gado.

Zauna da kowa shi kaɗai. In ka haɗa tsofaffi biyu, ƙaramin zai bi bakin babban ko da ya san ba haka ba ne. Bayan mako biyu ka koma ka sake tambayar abu guda ta wata fuska. Ba don kana zargin ƙarya ba, sai don tunanin tsoho yakan buɗe bayan an taɓa shi.

Warware alkunya da laƙabi

Kafin ka zana bishiyar zuri'a, ka tabbata mutum ɗaya bai zame maka biyu ba. Garba da Habu da Buba da Bukar duk Abubakar ne. Shehu da Mani Usman ne. Sanda Umaru ne, Iro Ibrahim, Ado Adamu, Audu Abdullahi, Mamman Muhammadu, Ya'u Zakariya'u, Kallamu Musa. Maitama alkunyar Yusufu ce, shi ya sa ake cewa Yusuf Maitama Sule, Sule kuma Sulaimanu. A mata, Indo A'isha ce, Binta Fatima, Dije Hadiza, Kulu Hauwa, Abu Zainabu, Mairo Maryamu. Takardar kotu za ta ce Abubakar, gwaggo ta ce Garba, rasit ɗin haraji ya ce Habu, kai kuma ka zana 'yan'uwa uku.

Wasu sunayen kuma labari suke ba ka kyauta. Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, jerin Muhammadu ne na ɗaya zuwa na biyar, don haka in kakanka Salisu ne, tambayi inda Lawal da Sani suka shiga. Tanko ya biyo mata, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa da rai ba. Ɗanladi da Ɗanjuma da Balarabe ranar haihuwa ce, akwai sunan yanka a ƙarƙashinsu. Wanda ake kira Abba ko Baba ko Babangida kuwa sunan kakansa aka mayar masa, wato in ka san sunansa na yanka, ka san na wani kaka da ke sama da shi hawa biyu. Wannan dabara takan cike gurbin da babu mai iya tunawa.

Sai babbar matsala, riƙo. Yaro ya tashi a hannun kawu ko baffa, shi ya kai shi makaranta, malami ya tambayi sunan uba, aka ba da na mai riƙo. Zamanin da mutane ke gudun boko ma, an sha rubuta yaro da sunan hakimi ko dagacin da ya kawo shi. Duk inda ka ga sunan takarda ya saɓa da na baki, tambayi wa ya kai shi makaranta.

Tattara ire-iren rubutun sunan

Suna guda yakan fito da fuska biyar ko goma, kuma kowace fuska da dalilinta. In ka san dalilan, kai da kanka za ka iya zayyana yadda wataƙila aka rubuta sunanku a inda ba ka duba ba tukuna.

Na farko, hannun Bature da akawunsa. Sun rubuta abin da kunnensu ya ji da ƙa'idar Ingilishi. C ta zama ch: Ciroma ya koma Chiroma, Bici ta koma Bichi. Tsafe ta zama Chafe a tsofaffin takardu, Sakkwato ta zama Sokoto, Gwandu ta zama Gando, Haɗeja ta zama Hadejia. Sarki yakan fito Seriki ko Sariki, Usman ya fito Othman, Aliyu ya fito Alieu. Sukan ninka harafi inda ba a ninkawa, kamar Mallam, su kuma sauke inda ake ninkawa. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, amma ba kowane ofis ya bi su ba.

Na biyu, haruffa masu lanƙwasa. Ɓ da ɗ da ƙ ba su zauna a rubutun boko ba sai a shekarun 1930, Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 ta taimaka wajen yaɗa su. Kafin nan da ɗigo ake nuna su ko da waƙafi, ko a ƙyale su. Keken rubutun ofis kuwa bai da su sam, haka kwamfutocin rajista na yau. Shi ya sa Ɗanƙaura zai fito Dankaura, Dan Kaura, Dan-Kaura ko Dankawra. Sunan da ke da hamza ya fi shan wuya: 'Yar'aduwa, Yar'Adua, Yar'adua, Yaradua. Sunan Shehu Mujaddadi kansa ana rubuta shi Ɗan Fodiyo, Dan Fodio, Danfodiyo kamar yadda jami'ar Sakkwato take rubutawa, a littattafan Larabci kuma Ibn Fudi.

Na uku, hannun Faransa. A Nijar da Kamaru da Cadi, u takan zama ou, sh ta zama ch, c ta zama tch, j ta zama dj, w a tsakiyar kalma ta zama ou. Yusufu, wanda Hausawan yamma suke furtawa Isuhu, shi ne Issoufou. Lawali shi ne Laouali, Shu'aibu Chaibou, Shekarau Chékaraou, Jibo Djibo, Hamisu Hamissou, Mainasara Maïnassara. Dikko shi ne Dicko da ke cikin sunan jami'ar Maraɗi, Dan Dicko Dankoulodo. Adamu Ciroma na Potiskum da Issa Tchiroma na Garwa sarauta ɗaya ce a sunayensu, rubutu ne ya raba. Garuruwa ma haka, Tasawa Tessaoua, Tawa Tahoua, Damagaram kuma Zinder. In kakanku ya ƙetaro daga Maraɗi ko Ƙonni, ko wani reshe ya ƙetara can, sai ka juya sunan zuwa wannan ƙa'ida kafin ka nema. Ka kuma lura cewa a takardun Nijar sunan uba yakan riga na mai takarda.

Na huɗu, karin harshe. Inda Bakano ya ce f, Basakkwace da Bagobiri sukan ce h ko hw. Lawal da Lawan da Lawali da Auwalu abu guda ne, Jibrin da Jibrilu da Jibo haka.

Na biyar, komawa ga Larabci. Daga shekarun 1970 zuwa yau mutane da yawa sun gyara sunayensu: Mamman ya zama Muhammad, Audu ya zama Abdullahi ko Abdallah, Sule ya zama Sulaiman, wasalin ƙarshe na Umaru da Yusufu ya faɗi. Uba Mohammed, ɗa Muhammad, jika Muhammed, duk a gida ɗaya. Filin jirgin saman Legas Murtala Muhammed aka rubuta, amma jaridu suna rubuta shi ta hanya uku.

Ajami kuma da nasa. Rubutun malamanmu na Magaribi ne: fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Gabas zai karanta ƙaf a matsayin fa, ya mayar da suna wani abu dabam. Babu tsayayyar ƙa'ida ɗaya ta rubuta c da ts da ɗ, kowane yanki da yadda ya saba, in kuma ba a sa wasali ba, Bello da Bala suna iya kama da juna. Kai wa malamin zaure wanda ya yi karatun Warshu, ya fi wanda ya yi digiri a Larabci iya karanta irin wannan. Malamai kuma sukan jingina kansu da Larabci: al-Kanawi, al-Kashinawi, al-Zakzaki, al-Barnawi, al-Fallati.

Duk waɗannan ka jera su a shafi ɗaya. Da wannan shafin za ka shiga intanet, ka nemi kowane rubutu shi kaɗai, haɗe da sunan gari. Da shi kuma za ka shiga gidan adana takardu.

Sa wa labarin shekara

Tsoho ba zai ce 1914 ba, zai ce shekarar yunwar Kakalaba. Kai ne za ka juya. Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa 1893 zuwa 1895 ce. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, yaƙin Satiru 1906, jirgin ƙasa ya iso Kano 1911, Kakalaba 1913 zuwa 1914, babbar mura 1918, yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945, zuwan Sarauniya 1956, canjin kuɗi zuwa naira 1973. Zamanin sarakuna ma ma'auni ne: a Kano Abbas 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero, wanda ake kira Sarki Alhaji, zuwa 1953. A Katsina Dikko 1906 zuwa 1944, Usman Nagogo zuwa 1981. Tambayi tsohuwa, "Lokacin da Sarki Alhaji ya rasu, kin yi aure?" Amsarta ta fi shekarar haihuwar da ke kan katinta gaskiya.

In ka tarar da shekarar Hijira, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1321 za ta ba ka 1903. Kuskuren ba ya wuce shekara guda.

Kada ka yi lissafin cewa kowane hawa shekara 25 ne ko 30. A gidan da mutum ya yi mata huɗu, ɗan fari da auta suna iya samun ratar shekara 40, kuma dattijo mai shekara 65 yana haihuwa.

Fita waje: unguwa, fada, gidan adana takardu

Je garin da bincike ya nuna, ka fara da mai unguwa, shi zai kai ka ga dagaci da limami. Kada ka raina wanzamin gidanku. Wanzanci gado ne, kuma shi ya san askar kowane gida. Zanen fuskar kakanka yana iya nuna Bagobiri ne ko Bakabe ko Babarbare tun kafin kowa ya buɗe baki. Maroƙa da zabiyoyi suna riƙe da kirarin gidaje, cikinsa akwai jerin kakanni. Ka saurara, ka rubuta, amma ka tuna abincinsu suke nema, ba za su ambaci kakan da bai yi suna ba. Wasan barkwanci ma shaida ce: in gidanku suna wasa da Barebari, akwai alamar Fulatanci, in da Zagezagi, akwai ta Kananci. Nan ne kuma za ka ji sunan da ya girmi na takarda, wato na dangi: Sulluɓawa, Yolawa, Joɓawa, Dambazawa, Toronkawa, Wangarawa, Sharifai, Agalawa, Tokarawa. Wannan shi ne abin da ya fi kusa da sunan iyali a wurin mutanen da.

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna shi ne babban rumbu na Arewa. An kasa fayil-fayil bisa larduna: KANPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato, ZARPROF na Zariya, KATPROF na Katsina, SNP kuma na sakatariyar Arewa. Nemi na gundumarku, musamman rahoton kimanta haraji da littafin tarihin gunduma, waɗanda za ka ga an rubuta Assessment Report da District Note Book a kansu. Sukan kawo tarihin ƙauyuka, jerin dagatai, da inda mazauna suka taso. Gidan Arewa da ke titin Raba a Kaduna, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato duk suna da takardun Larabci da ajami da na En'e. A Yamai akwai gidan adana takardu na ƙasa da cibiyar bincike ta IRSH mai tarin rubuce-rubucen hannu. Tafi da katin shaida da fensir, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto, ka rubuta lambar kowane fayil da ka buɗe ko da ba ka sami komai a ciki ba.

Gaskiyar magana, in kakanka talaka ne manomi, da wuya ka ga sunansa. Bature ya rubuta masu sarauta, malamai, attajirai, ma'aikata da waɗanda suka shiga shari'a. Abin da za ka samu shi ne tarihin ƙauyen da dalilin ƙaurar mutanensa, wanda zai gaskata ko ya ƙaryata abin da ka ji a gida.

In reshe ya ɓace a wata ƙasa

Hanya biyu ta fi kwashe mutane: ta goro da ta hajji. Fataken goro sun bi Gwanja zuwa Salaga a Gana ta yau, da basasa ta watsa garin a 1892 suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Ankara. A zangunan Gana za ka tarar da Iddrisu, Fuseini, Seidu, Braimah, wato Idrisu, Husaini, Sa'idu, Ibrahim, sai dai Dagwamba da wasu kabilu ma suna amsa su, don haka sarkin zango za ka nema ya faɗa maka gidan da ya taso daga ina. Ta gabas kuwa, bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har Sudan, garin da suka kafa kusa da Sennar yana amsa sunansa har yau. Dubban mahajjatan da suka bi ta ƙasa ma sun zauna a hanya. A Makka da Madina da Jidda, zuri'arsu suna amsa Hausawi, Fallata ko Barnawi. Waɗannan sunaye na al'umma ne, ba na gida ba, ba za su kai ka ga kowa ba sai ka haɗa da sunan kakan da ya tafi da garin da ya baro.

Auna abin da ka tara, ka rubuta

Kasa bayananka kashi uku: abin da takarda ta tabbatar, abin da mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗa, da abin da mutum ɗaya ya ce an ce. Rubuta kowanne da alamarsa.

Labarin "daga Gabas muka zo" kusan kowane gida yana da shi. Rubuta shi a matsayin abin da gida ke faɗa, kada ka ɗora shi a kan bishiya sai ka sami mahaɗi. Jerin kakanni na baki yakan tsallake waɗanda ba su yi fice ba, kuma "ɗan wane" yana iya nufin jika ko tattaɓa-kunne. In mutum biyar suka cike maka shekara 300, akwai waɗanda suka zube a hanya.

Kana kuma iya tarar da abin da ba ka nema ba: kaka Bamaguje, ko wanda aka kamo a yaƙi, ko kuyanga da ta haifi reshenku. Ƙasar nan ta yi bauta mai yawa har farkon ƙarni na 20, kuma manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano sun fi hakimai da yawa ƙarfi. A ganina ba a goge irin wannan, ba a kuma yi masa kwaskwarima. Amma ba a saka shi a zauren WhatsApp na dangi kafin a zauna da manya, musamman in ya taɓa gado ko sarauta ko auren wani da ke raye.

A rubutun ƙarshe, kowane mutum ka ba shi sunan yanka, laƙabi, duk ire-iren rubutun da ka gani, da inda ka gani. Buga kwafi uku aƙalla, a ajiye a gidaje daban-daban, muryoyin da ka ɗauka kuma ka kwafe su daga waya zuwa wani wuri.

Ire-iren rubutu abin sha'awa ne a littafin tarihi, amma a takardun yau masifa ne. Harafi ɗaya tsakanin NIN da BVN da fasfo da shaidar jarrabawa yana iya tsayar da fansho ko biza ko gurbin karatu. Ku zauna a gida ku tsayar da rubutu ɗaya da za a riƙa sa wa yaran da za a haifa, tun daga takardar haihuwa. Wanda nasa ya riga ya saɓa, hanyar da aka saba ita ce takardar rantsuwa ta kotu, sanarwa a jarida, sannan a nemi gyara a NIN, sauran takardu su biyo ta. Tsofaffin takardun kaka kuwa a bar su yadda akawu ya rubuta su.